Roy Campanella: Shekara 20 a tsugune, 35 a keken guragu

A daren 7 ga watan Mayun 1959, mutum 93,103 suka yi dafifi a babban filin wasa na Coliseum da ke birnin Los Angeles na Amurka, domin kallon wasan sada zumunta tsakanin ƙungiyoyin Dodgers da Yankees. Babu kofi a wasan, sakamakonsa kuma bai dami kowa ba. Da aka kai tsakiya sai aka kashe fitilun filin, aka roƙi 'yan kallo kowa ya ƙyasta ashana. Cikin wannan hasken ne tsohon kyaftin ɗin Dodgers, Pee Wee Reese, ya turo keken guragu zuwa tsakiyar fili, ɗauke da wani mutum mai faɗin kafaɗa wanda ko yatsunsa ba ya iya sarrafawa yadda yake so.

Sunansa Roy Campanella, kuma bai taɓa buga wa mutanen Los Angeles wasa ko sau ɗaya ba. Ƙungiyarsa ta ƙauro ne daga unguwar Brooklyn ta New York a 1958, shi kuwa karayar wuya ta same shi 'yan makonni kafin a shiga atisayen wannan kakar. Duk da haka, ba a taɓa ganin taro irin na daren nan a wasan manyan ƙungiyoyin besbol ba, kuma sai a 2008 aka zarce shi, a wannan filin dai.

Ga wanda ya tashi da ƙwallon ƙafa, besbol wasa ne mai ɗaure kai, amma ƙashin bayansa ba shi da wuyar ganewa. Mutum tara-tara ake yi. Ɗaya zai tsaya a kan ɗan tudu ya jefo ƙwallo mai tauri wadda girmanta bai wuce na lemo ba, ɗan ɓangaren hamayya kuma ya yi ƙoƙarin maka ta da sanda. In ya same ta, sai ya ruga ya bi tashoshi uku ɗaya bayan ɗaya ya dawo inda ya tashi, wato gida, a rubuta wa ƙungiyarsa maki ɗaya. In kuwa ya maka ta har ta tsallake katangar fili, to ya zagaya a tsanake, babu mai tare shi.

A bayan mai sandar akwai wani mutum a tsugune, fuskarsa cikin garkuwar ƙarfe, ƙirjinsa da ƙwaurinsa a rufe da sulke, hannunsa ɗaya cikin ƙatuwar safar fata. Shi ne mai cafe ƙwallo. Tsakaninsa da mai jifa mita 18 ne da ɗoriya, ƙwallon kuma takan zo da gudun da ya kai kilomita 150 a sa'a, don haka ba ta cika rabin daƙiƙa a hanya. Yakan tsuguna ya miƙe fiye da sau ɗari a wasa guda. Ƙwallon da ta goge sanda ta kauce, a yatsunsa ko maƙogwaronsa take ƙarewa. Wadda ta daki ƙasa, da ƙirji zai tare ta. A zamanin Campanella, ɗan wasan da ya taho gida a guje, shi yakan banka. Shi ya sa da wuya a ga tsohon mai cafewa da miƙaƙƙun yatsu.

Wahalar jiki ita ake gani daga waje, amma ainihin aikin a kai yake. A cikin mutum taran, mai cafewa kaɗai ke fuskantar fili baki ɗaya, kowa na gabansa. Kafin kowace jifa, shi ke sauke yatsu a tsakanin cinyoyinsa ya yi wa mai jifa ishara da irin ƙwallon da zai jefo da inda zai saita ta: mai gudu ce, ko mai lanƙwasa, ko mai yaudara da ke zuwa a hankali. Dole ya haddace raunin kowane ɗan hamayya, ya san lokacin da hannun mai jifansa ya fara gajiya, ya san wanda ake lallashi da wanda sai an daka masa tsawa yake dawowa hayyacinsa. In aka ci wasa, sunan mai jifa jaridu ke ɗauka. Duk wanda ya taɓa kwana yana rubuta jawabin da wani zai karanta a tafa masa, ya san ɗanɗanon irin wannan aiki.

A nan ne labarin Campanella ya bambanta da na abokin wasansa Jackie Robinson, wanda duniya ta fi sani a matsayin baƙar fatar da ya karya shingen wariya a manyan ƙungiyoyin besbol a 1947. Abin da aka nema daga Turawan Dodgers game da Robinson shi ne su haƙura da zamansa a cikinsu. Game da Campanella kuwa, an nemi su bi umarninsa. A Amurkar da baƙar fata ba ya iya cin abinci a otal ɗaya da su a garuruwa da dama, Bature ɗan jihohin kudu zai tsaya a kan tudu ya jira yatsun baƙar fata su faɗa masa abin da zai yi, sau ɗari a yini.

Daga Filadelfiya zuwa motar Baltimore

An haife shi ranar 19 ga Nuwamban 1921 a Filadelfiya, shi ne auta a cikin 'ya'ya huɗu. Mahaifinsa ɗan asalin Italiya ne mai tallar kayan lambu a mota, mahaifiyarsa kuma baƙar fata. A lissafin Amurkar wancan zamani, jinin uwa ya isa ya yanke hukunci: sunan uba na Italiya bai buɗe masa ƙofar ko ƙungiya ɗaya ta Turawa ba. Yana ɗan shekara 15, a 1937, ƙungiyar Elite Giants ta gasar baƙar fata ta ɗauke shi. Da ya cika 16 ya bar makaranta ya shiga wasan gadan-gadan, shekara ta zagayo kuma ƙungiyar ta tare a Baltimore.

Sa'ar da ya yi ita ce mutumin da ya tarar yana jan ragamar ƙungiyar, Biz Mackey, wanda masana da yawa ke ɗauka a matsayin gwanin masu cafewa na gasar baƙar fata ta fuskar tsaro. Mackey ya zaunar da yaron kusa da shi, ya koya masa yadda ake tsuguno, yadda ake sakin ƙwallo da sauri ba tare da ɗaga hannu sama ba, da yadda ake karanta tsayuwar mai sanda a gane abin da yake jira. Campanella bai daina ambaton wannan bashi ba har ƙarshen ransa.

Rayuwar gasar baƙar fata ta hanya ce. A mota ake kwana, a mota ake cin abinci, a sauka a buga wasa a wani gari, a hau a nufi na gaba. Ya sha ba da labarin ranar da ya tsuguna wa wasa huɗu tsakanin safiya da dare. Da hunturu ya yi sai ya tsallaka ƙasashen da launin fata ba ya hana mutum aiki, irin su Puerto Rico da Kuba da Benezuwela. A 1942 ya saɓa da mai ƙungiyar Baltimore, ya tafi Meziko ya buga wa Monterrey har 1943. A 1942 ɗin ne kuma aka yi ta maganar cewa ƙungiyar Pittsburgh Pirates za ta gwada shi, maganar da ta tsaya a baki.

A duk waɗannan shekaru, ba shi ne tauraron masu cafewa a gasar ba. Wannan kujera ta Josh Gibson ce, wanda Campanella da kansa yake cewa ya fi shi a komai. Gibson ya rasu a Janairun 1947 yana da shekara 35, wata uku kafin Robinson ya fara buga wa Dodgers. Sai a 2024, da hukumar manyan ƙungiyoyi ta haɗe alƙaluman gasar baƙar fata da nata, sunansa ya hau saman jerin masu bugu na tarihin wasan gaba ɗaya. Tsakanin Gibson da Campanella, shekara goma na haihuwa ne suka raba wanda ƙofa ta buɗe wa da wanda ya mutu a bakinta.

Tayin da ya ƙi, bai san mene ne ba

A Oktoban 1945, shugaban Dodgers Branch Rickey ya kira Campanella ofishinsa a Brooklyn, ya daɗe yana yi masa tambayoyi kan halinsa da iyalinsa, sannan ya yi masa tayin aiki. A lokacin ana ta raɗe-raɗin cewa Rickey na shirin kafa wata sabuwar ƙungiyar baƙar fata, Campanella ya zaci ita ake nufi, ya ce a kai kasuwa, albashinsa na yanzu ya ishe shi. Bayan 'yan kwanaki suna zaune da Robinson a wani otal na Harlem, sai Robinson ya tsegunta masa cewa shi ya riga ya sa hannu, kuma Dodgers ɗin gaske ake magana. A nan ya gane abin da ya ƙi. Ya yi gaggawar aika wa Rickey saƙo, aka ƙulla yarjejeniya a farkon 1946.

Mutumin da ya shafe shekara tara yana wasan ƙwararru, aka tura shi can ƙasan tsani, cikin ƙananan ƙungiyoyin da Dodgers ke rainon matasa. Ƙungiyar farko da aka nufa da shi, ta garin Danville, ta ce ba ta so. Sai aka kai shi Nashua a jihar New Hampshire, shi da wani matashin mai jifa baƙar fata, Don Newcombe, a kan dala 185 a wata, kuɗin da bai kai rabin abin da yake samu a baya ba. Ya karɓa.

Kocin Nashua shi ne Walter Alston, wanda daga baya ya riƙe babbar ƙungiyar Dodgers shekara 23. Alston ya lura cewa a ɗakin babu wanda ya kai wannan baƙo sanin wasa, don haka ya sanar da 'yan wasansa cewa duk ranar da alƙali ya kore shi daga fili, Campanella ne zai riƙe ƙungiya. Ranar kuwa ta zo. Ana binsu maki, Campanella ya tura Newcombe, wanda mai jifa ne, ya je ya yi bugu. Newcombe ya maka ƙwallo ta tsallake katanga, aka yi kunnen doki, daga ƙarshe Nashua ta ci. Ana lissafa wannan a matsayin karo na farko da baƙar fata ya jagoranci Turawa a tsarin ƙungiyoyin besbol na ƙasar, kuma ba a yi wani biki a kai ba.

Ba kullum abin ke tafiya lami lafiya ba. A wani wasa da ƙungiyar Manchester, wani ɗan wasa mai suna Sal Yvars ya ɗebi ƙasa ya watsa masa a fuska yana tsugune. Rickey ya riga ya gargaɗe shi da kada ya rama komai. Ya miƙe, ya cire garkuwar fuska, ya yi wa mutumin kashedin da bai sake maimaita abin ba, sannan ya koma ya tsuguna. A riƙe sunan Yvars, zai sake fitowa.

Ya yi 1947 a Montreal ta Kanada. A Afrilun 1948 ya fara buga wa Dodgers, amma Rickey ya sake mayar da shi ƙasa, zuwa St. Paul, domin ya zama baƙar fata na farko a wata gasar da har lokacin ba ta buɗe ƙofa ba. Wannan ma ya haɗiye. A Yuli aka dawo da shi Brooklyn yana da shekara 26, kuma daga nan bai sake sauka ba.

Shekaru goma na Brooklyn

Gajere ne kakkaura, wanda in aka gan shi a titi ba za a ce ɗan wasa ba ne. Amma a bayan mai sanda yana da saurin kyanwa. Akwai dabarar da ake kira satar tasha, inda ɗan hamayya ke rugawa zuwa tasha ta gaba yayin da ƙwallo ke hanya, mai cafewa kuma dole ya cafe, ya miƙe, ya jefa ta nisan mita 39 cikin kusan daƙiƙa biyu. A cikin waɗanda suka gwada wannan a gaban Campanella, kashi 57 cikin 100 an kama su, kuma babu mai cafewar da ya kai wannan adadi a tarihin manyan ƙungiyoyi.

Sau takwas a jere, daga 1949 zuwa 1956, aka zaɓe shi cikin wasan taurari na shekara. A na 1949, shi da Robinson da Newcombe da Larry Doby ne baƙar fata na farko da suka taɓa shiga. Sau uku 'yan jarida suka zaɓe shi gwarzon ɗan wasan gasar National League, a 1951 da 1953 da 1955. A 1953 ya tsallake katanga sau 41, bugunsa ya jawo maki 142, fiye da na kowa a gasar. Ga mutumin da ƙafafunsa ke ciwo tun kafin ya ɗauki sanda, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sau uku kuma yana tsugune mai jifansa ya gama wasa ba tare da ɗan hamayya ko ɗaya ya sami bugu mai kai shi tasha ba: biyu da Carl Erskine, ɗaya da Sal Maglie.

Wanda ya duba shekarun zai ga suna tsallake ɗaya. Hannuwa ne sanadi. A 1954 ya karya ƙashi a hannun hagu, aka yi masa tiyata, jijiya ta taɓu, bugunsa ya faɗi warwas. A 1955 ya farfaɗo, a 1956 da 1957 ya sake faɗuwa. Aikin da ya ɗaukaka shi ne yake cin hannuwansa a hankali.

Akwai rana ɗaya da rashinsa ya fi zamansa fitowa fili. A watan Agustan 1951 Dodgers na gaban abokan gabarsu, New York Giants, da tazarar wasa 13, amma Giants suka kamo su, aka shirya wasa uku na raba gardama. Campanella ya ji ciwo a cinya, bai buga biyun ƙarshe ba. Yana zaune a benci ranar 3 ga Oktoba lokacin da Bobby Thomson ya maka jifar Ralph Branca ta tsallake katanga, Giants suka tafi da gasar. Bayan shekara 50, a 2001, jaridar Wall Street Journal ta fallasa cewa a ƙarshen wannan kakar Giants sun girke madubin hangen nesa a ɗakinsu da ke can ƙarshen filinsu, suna karanta yatsun masu cafewar baƙi, suna aika saƙo da ƙararrawa. Wanda ke isar da saƙon ga mai sanda shi ne Sal Yvars, mutumin nan mai watsa ƙasa. Thomson ya musanta cewa ya yi amfani da saƙon a wannan jifa. Ko ma mene ne, labarin ya nuna darajar abin da yatsun mai cafewa ke ɗauke da shi, kuma irin wannan sata ce ta sa a 2022 aka amince da wata na'ura da ke aika ishara kai tsaye zuwa kunnen mai jifa.

Sau biyar Campanella ya je gasar ƙarshe ta World Series, duka da Yankees, waɗanda nasu mai cafewar, Yogi Berra, shi ma sau uku ya zama gwarzon gasarsu. Sau huɗu Brooklyn ta dawo gida hannu rabbana. A 1955 ma haka aka fara, Yankees suka ci wasa biyun farko. A na uku Campanella ya tsallake katanga tun a zagayen farko, ya sake a na huɗu. A wasa na bakwai, ranar 4 ga Oktoba, shi ya taka gida da makin farko, sannan ya bi da wani matashi ɗan shekara 23, Johnny Podres, jifa bayan jifa, har aka tashi 2 da 0. Shi ne kofin World Series ɗaya tilo da Dodgers suka ci suna Brooklyn.

Shi da Robinson

Mutanen biyu ba su jitu ba, kuma wannan ba ɓoyayyen abu ba ne. Robinson ya yi jami'a, ya yi hafsan soja, kuma da wa'adin shirun da Rickey ya ɗora masa ya ƙare, bai sake barin wata wariya ta wuce ba tare da ya tanka ba. Campanella kuwa mai raha ne, mai ba da labari a ɗakin sauya kaya, wanda ya sha faɗa wa 'yan jarida cewa shi ba ɗan gwagwarmaya ba ne. Ya san motar Baltimore, ya san abin da ya bari, yana kuma tsoron a rasa abin da aka samu. Robinson na ganin wannan sanyi ya yi yawa. Wasu marubuta Turawa kuma suka sami abin da suke so, suna yabon ɗaya domin su soki ɗayan.

Rigimar otal ɗin Chase da ke St. Louis ta nuna cewa lamarin ya fi haka sarƙaƙiya. Shekaru otal ɗin na ƙin saukar baƙar fatar Dodgers. Da ya amince, bisa sharaɗin kada su shiga ɗakin cin abinci da makamantansa, Robinson ya karɓa domin a ganinsa an sami kafar shiga. Campanella ya ƙi, ya ci gaba da sauka a otal ɗin unguwar baƙar fata inda ake maraba da shi. A ranar, mai sanyin ne ya ƙi sharaɗi, mai zafin ya karɓa.

Tarihi ya fi karkata ga Robinson, kuma da dalili: ba don masu tankawa irinsa ba, da ƙofar ta tsaya a inda Rickey ya ga dama. Amma zai yi wuya a ce Campanella bai yi komai ba. Mai jifa ba ya bin isharar wanda bai amince da shi ba, yana da damar girgiza kai ya ƙi. Preacher Roe, ɗan jihar Arkansas, da sauran Turawan Dodgers sun shafe shekaru suna miƙa wa Campanella wasanninsu, kuma sanyin halin da Robinson ke ƙorafi a kai na cikin abin da ya sa suka miƙa. Mutanen biyu sun daɗe ba sa ga maciji bayan Robinson ya yi ritaya a farkon 1957, amma sun shirya kafin rasuwar Robinson a Oktoban 1972.

Daren Glen Cove

A wancan zamani albashin ɗan wasa ba ya isarsa ya zauna, don haka Campanella na da kantin sayar da barasa a Harlem. Da asubahin 28 ga Janairun 1958, yana komawa gidansa na Glen Cove a cikin motar haya, sai ya taka ƙanƙara a wata kwana kusa da gida. Motar ta zame, ta daki turken waya, ta kife. Ƙasusuwan wuyansa na biyar da na shida suka karye, laka ta taɓu. Yana da shekara 36. Filin da ƙungiyar za ta koma a Los Angeles na da katangar hagu kusa ƙwarai, irin wadda ta dace da bugunsa, kuma yana sa ran ta tsawaita masa wasa.

Ya shafe watanni a kwance ba ya motsi, sannan aka mayar da shi cibiyar farfaɗo da nakasassu ta Dakta Howard Rusk a New York, inda ya zauna har ƙarshen shekarar. Da atisaye ya dawo da ɗan ƙarfin damatsansa, ya koyi cin abinci da kansa da taimakon abin da ake ɗaura masa a hannu. Ƙafafu ba su dawo ba, yatsun da suka yi shekara 20 suna ba da umarni su ma ba su dawo ba.

A bainar jama'a murmushi yake yi. Littafin tarihin rayuwarsa da ya fito a 1959, mai suna It's Good to Be Alive, shi ya kafa wannan hoto, aka kuma mayar da shi fim na talabijin a 1974. Amma a cikin littafin ma bai ɓoye lokutan da ya yanke ƙauna ba, kuma Neil Lanctot, wanda ya rubuta cikakken tarihinsa a 2011, ya nuna cewa rayuwar ta biyu ta fi yadda aka nuna ta ɗaci. Aurensa na biyu ya lalace a gaban jaridu a 1960, matar ta rasu a 1963. Gidan Glen Cove ya fita daga hannunsa. Ya sha kwanciya asibiti saboda cututtukan da ke bin mai irin wannan nakasa. A 1964 ya sake aure, kuma wannan matar ce ta zauna da shi har ƙarshe.

A 1969 aka shigar da shi zauren gwarazan besbol da ke Cooperstown, baƙar fata na biyu bayan Robinson. Daga nan ya shiga kwamitin da aka kafa domin tantance 'yan tsohuwar gasar baƙar fata, kwamitin da ya shigar da Satchel Paige a 1971 da Josh Gibson a 1972. Malaminsa Biz Mackey bai ga ko ɗaya ba. Ya ƙare rayuwarsa yana tuƙa motar ɗaga kaya a Los Angeles, ya rasu a 1965, sai a 2006 sunansa ya shiga zauren. Ranar 4 ga Yunin 1972, Dodgers suka jingine lambar Campanella ta 39 tare da 42 ta Robinson da 32 ta Sandy Koufax, ba wanda zai sake sa su a ƙungiyar.

A 1978 ya koma Kaliforniya, ya kama aiki a sashen hulɗa da jama'a na Dodgers tare da Don Newcombe, abokin zamansa na Nashua. Kowace shekara kuma, lokacin atisayen share fage, yakan je sansanin ƙungiyar da ke Vero Beach a Florida, a ajiye kekensa, matasan masu cafewa su kewaye shi. Ba ya iya nuna musu komai da jiki, sai da baki: inda za a ajiye ƙafa, yadda ake magana da mai jifan da ya firgita, abin da ake nema a tsayuwar mai sanda. John Roseboro, wanda ya gaje shi a 1958, ya bi ta hannunsa. Haka Steve Yeager da Mike Scioscia.

Na ƙarshe a cikin fitattun ɗalibansa shi ne Mike Piazza, wani ɗan asalin Italiya daga kusa da Filadelfiya, wanda Dodgers suka ɗauka a zagaye na 62 na zaɓen matasa a 1988, kusan bayan kowa. A 1993 Piazza ya zama babban mai cafewar ƙungiyar. Ranar 26 ga Yunin shekarar, zuciyar Campanella ta tsaya a gidansa na Woodland Hills, yana da shekara 71. Piazza ya gama kakar da tsallake katanga sau 35, aka zaɓe shi gwarzon sababbin 'yan wasa, a 2016 kuma ya bi malaminsa zuwa Cooperstown.